Bencin Masu Ciwon Ciki

Ni ba mutum ba ne mai son a san abin da ke ransa, balle a san yadda cikinsa ke murɗawa. Aikin wutar lantarki na yi tun ina saurayi har gwiwa ta ƙi hawa tsani, kuma a sana'armu wanda waya ta fizga ba ya ihu, yarfe hannu yake yi ya ci gaba da aiki. Haka na riƙe ciwon cikina shekara da shekaru. Ya samo asali ne daga wata gudawa da ta kayar da ni lokacin da muke ja wa wata sabuwar kasuwa wuta. Gudawar ta tafi, ta bar mini ƙaninta. In na ci abinci ya murɗa, in ban ci ba ya murɗa. An ɗauki hotona, an auna jinina, an leƙa ta sama an leƙa ta ƙasa, kowa ya ce bai ga komai ba. Wani likita har cewa ya yi wai tunani ne. Na ce masa ni tunanina a kai yake zama, ban taɓa jin ya sauko cibiya ba.

Uwar 'ya'yana ce ta gaji da ganina ina dafa bango ina cewa ba komai. Ta ji labarin wata likita da ke bincike a kan irin wannan ciwo, ta tisa ƙeyata har ƙofar ɗakin likitar, ta ce in na koma gida ban shiga ba, in nemi mai dafa mini abinci.

Ɗakin yana can bayan asibiti, sai ka wuce wurin wankin zannuwa, ka bi wani lungu mai ƙamshin sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tsohon gini ne. Fentin ya koma ruwan ƙasa daidai inda kafaɗun mutane ke gogawa. Akwai taga ɗaya da aka toshe fasasshen gilashinta da kwali, da fanka mai ƙara kamar tana ƙirga bashi, da doguwar fitila da ke ƙyafta ido. A bakin ƙofa kuma akwai benci na katako, dogo, ƙafarsa ɗaya gajera, an cusa mata naɗaɗɗiyar takarda. Ranar farko ban iya zama ina kallon fitilar nan ba. Na hau bencin na murɗa mata wuya ta tsaya cak. Wani ƙaton mutum mai furfura, rungume da filas ɗin shayi, ya ɗaga kai ya ce, "To, an kawo mana injiniya. Sauko, Baba Shokin, kada ka faɗo a kan marasa lafiya."

Sunan ya bi ni har yau. Shi kuwa Direba muke ce masa, don ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar haya a doguwar hanya, yana tsayawa a daji saboda cikinsa yana ce wa fasinja injin ne ya yi zafi. Akwai Inna Tela, mace mai kaifin baki, kullum da allura a bakin mayafi, tana duban ɗinkin rigar kowa tana tsaki. Akwai wasu kuma da yawa, amma mu ukun nan mu ne ba ma fashi. Duk ranar Alhamis da safe a bencin nan muke haɗuwa. Direba ya zuba shayi a murfin filas da wasu kofuna biyu da yake yawo da su a aljihu, a sha, a yi ƙorafin 'ya'yan zamani, a yi hirar abin da ba a faɗa a gaban suruki: wa ya fita, wa bai fita ba, wa ya kwana yana zarya. Mutumin da ya ɓoye abu tsawon rayuwarsa, ranar da ya sami waɗanda suka san abin ba sai ya yi bayani ba, ya sami dangi. Ban taɓa faɗa musu haka ba, don ba halina ba ne. Amma tun daren Laraba nake goge takalmi.

Likitar kuwa ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Siririya ce, mai saurin tafiya, kullum biro a soke a ɗankwali. Ita ce ta fara ce mini, "Baba, na yarda yana maka ciwo." Ta ɗauki 'yar tsoka daga hanjina, ba ta kai kan ashana ba, bayan wasu makonni ta kira ni ta nuna mini a madubin da ke ƙara girman abu. Na ga wasu zare-zare kore, da ɗigo-ɗigo ja a gefensu.

Ta ce, "Tunda kai mai wuta ne, bari in yi maka da yarenka. Koren nan wayoyi ne. Su ke kai saƙo daga hanji zuwa ƙwaƙwalwa. Jajayen nan kuma masu gadi ne, sojojin jiki, su ke yaƙar cuta. Lokacin da gudawa ta kama mutum, sai su taru. Cuta ta tafi, amma a wasu mutanen su ba sa watsewa. Suna nan tsaye jikin waya, suna zubo wani ruwa da ke sa ta zama mai saurin kamawa. Ka taɓa ganin ƙararrawar ƙofa da ke bugawa ko ƙuda ne ya sauka a kanta?"

Na ce, "Na gyara irinta ba iyaka."

"To haka muke zato. Abinci ne kawai ke wucewa, amma waya na kai rahoton gobara. Muna da wani magani da muke fata zai kwantar wa masu gadin hankali. Ba mu tabbatar ba. Shi ne muke son gwadawa, in ka yarda."

Na yarda. Ta tara mu ta yi mana bayani dalla-dalla, cewa rabinmu za a ba su maganin gaske, rabi kuma ƙwaya ce mai kama da shi sak amma ba komai a cikinta, kuma ita kanta ba ta san wa ke shan wanne ba sai an gama. Duk muka gyaɗa kai. Gaskiyar magana, kowannenmu ya fita yana da yaƙinin cewa shi na gaske aka ba shi. Direba ya ce nasa har ɗaci yake yi. Inna Tela ta ce ai bakinsa ne mai ɗaci tun asali.

Aikinmu bai da yawa. Ka sha ƙwaya safe da yamma, ranar Alhamis ka shiga, nas ɗin da muke kira Sista ta auna ka, sannan Likita ta miƙo maka wani ɗan katako kamar rula, da fuska mai dariya a wannan bakin, mai kuka a wancan, da lamba daga sifiri zuwa goma. Ka tura ɗan maɓalli zuwa inda ciwonka ya kai a makon. Da farko abin ya ba ni haushi. Namiji da gemunsa a ce ya nuna fuskar kuka. Na tura shi kusa da mai dariya. Ta dube ni, ta dubi hannuna da ke dafe da ciki, ta ce, "Baba, jarumtarka ka kai wa jikokinka. Ni ba ni da wata na'ura da ke auna ciwo, sai bakinka." Daga ranar ban sake rage mata ko ɗigo ba.

Muna cikin haka, wata Alhamis sai ga wasu mutum biyu da tef ɗin awo. Suka auna lungun, suka auna ƙofa, suka ce mu ɗaga ƙafa suka auna har ƙarƙashin bencinmu. Direba ba ya ganin abu ya yi shiru. Ya zuba wa ɗayansu shayi, kafin kofin ya huce ya kwashe labari kaf. Shugabannin asibiti na son ɗakin, za su zuba wata sabuwar na'urar ɗaukar hoto. Sun ce binciken Likita ya daɗe bai nuna komai ba. In wannan gwajin ya ƙare babu sakamako, za a rufe, a mai da ita ɗakin duba marasa lafiya na gaba, mu kuma kowa ya kama gabansa.

Suka naɗe tef ɗinsu suka tafi.

Inna Tela ce ta fara magana. "Yarinyar nan fa ko abincin rana ba ta ci saboda mu. Jiya-jiya na rage mata siket, ya yi mata yawa."

Direba ya rufe filas ɗinsa, ya matso, ya rage murya kamar mai cinikin taya ta sata. "Ku saurara. Me suke nema? Sakamako. Wa ke ba da sakamako? Mu. To daga yau kowa ya warke. Ka shiga, ka tura maɓallin nan har ya daki mai dariya. In an tara, a ga magani ya yi aiki, a bar mata ɗakinta. Wa aka cuta?"

Kowa ya ce wannan dabara ce. Aka bi bencin ɗaya bayan ɗaya ana amsawa, har aka zo kaina.

Na ce, "Ni ban warke ba."

Direba ya ce, "Wa ya ce ka warke? Cewa aka yi ka ce."

"Ban taɓa ce wa mai gida waya ba wuta alhali akwai ba. Ba zan fara da furfura ba."

Direba ya ce, "Kai dai Shokin, ko a gidan biki ka shiga sai fitila ta mutu. Taimako ne fa, ba sata ba."

Inna Tela ta ce, "Bar shi. Wuyansa ya fi wuyan rigar sojan da na taɓa ɗinkawa tauri."

Kada wani ya ɗauka na hango abin da su ba su hango ba. Ban hango komai ba. Ni ma a raina na ɗauka dabarar za ta yi aiki, har ina jin nauyin cewa ni ne zan rage mata maki. Taurin kai ne kawai irin wanda aka haife ni da shi. Na ce musu ba zan kai ƙarar kowa ba, amma bakina nawa ne.

Ranar kowa ya shiga ya fito yana murmushi. Ni na shiga na tura maɓalli inda ya saba tsayawa, wajen bakwai. Mako ya zagayo, aka sake. Abin da ya canza shi ne shayi. Direba ya zuba wa na damansa, ya tsallake ni, ya zuba wa na haguna. Kofin da na saba sha da shi ya mai da aljihu. In na yi sallama a amsa a taƙaice. In na zauna a matsa, har sai da na sami fili a bencin da da ba ya isar mu. Na riƙa zuwa da ruwana a gora.

A gida uwar 'ya'yana ta lura na daina goge takalmi. Da ta matsa na faɗa mata. Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Ta ce, "Ikon Allah. Tun farkon aurenmu nake roƙonka ka ce wash, ka ƙi. Yau duk gari sun warke, kai kaɗai ke kuka." Sannan ta daina dariyar ta ce, "Amma ka ci gaba da zuwa. In ka daina, sun ce tsoro ka ji."

Likita kuwa ba ta yi murnar da suka zata ba. Na ga fuskarta na ƙara tsukewa. Takan fito bakin ƙofa ta tsaya tana duban bencin, kowa ya miƙe zaune yana washe baki kamar masu jiran a ɗauke su hoto. Ta tambayi Sista ko an canza wurin ajiye ƙwayoyin. Ta tambaye mu ko akwai wanda ya fara shan wani abu a waje. Aka ce a'a, maganinki ne mai kyau, Allah ya yi miki albarka. Ni ta dube ni, na dubi fitila.

Ranar da abin ya fashe, Direba ya zo a makare, fuskarsa ta yi toka-toka. Bai buɗe filas ba. Da aka kira shi ya miƙe da ƙyar, ya gyara hula, ya shiga yana tafiyar samari. Muna jiyo muryarsa ta ƙofa: "Sifiri, Likita! Jiya har ƙarin abinci na nema." Ya fito, ya ja ƙofar, ya yi taku biyu, sai ya durƙushe a ƙarshen bencin, daidai gefena. Gumi na tsatstsafo masa a goshi. Ya naɗe kamar tabarma, hannu biyu a ciki.

Ya kamo bakin rigata. Rabon da ya yi mini magana an kwana biyu. Ya ce, "Shokin, don Allah tsaya a gabana. Kare ni kada ta fito ta gani. Yanzu zai lafa."

Inna Tela ta riga ta baza mayafinta tana yi masa labule.

Na miƙe. Na dube shi. Mutumin nan na san yadda ciwonsa yake kamar yadda na san nawa, kuma ban taɓa ganin ya kai shi ƙasa haka ba. Wa ya sani ko wani abu ne dabam ya tsinke a ciki? Na zare rigata daga hannunsa, na taka zuwa ƙofa, na ƙwanƙwasa da ƙarfi.

Na ce, "Likita, fito ki ga wanda ya warke."

Abin da Direba ya kira ni a lokacin ba zan rubuta shi ba. Aka kinkime shi zuwa gadon ciki. Ta danna nan ta danna can, aka ɗebi jini, aka ba shi abin da ya sassauta masa. Allah ya taimaka ba wani sabon abu ba ne, tsohon ciwon ne ya taso da ƙarfi, ga shi ya ci abin da ya san ba ya yi masa don ya nuna wa matarsa ma cewa ya warke. Da ya dawo hayyacinsa, Likita ta fito da shi a hankali, ta zaunar da shi a bencin, ita ma ta zauna a tsakiyarmu. Ba ta taɓa zama a nan ba. Bencin ya yi ɗan rawa saboda gajeriyar ƙafar.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Inna Tela ta ce, "Tun ranar masu tef. 'Yar nan, don ke muka yi. Ba ma so a kore ki."

Likita ta rufe fuska da tafin hannu. Na ɗauka kuka take, da ta buɗe sai na ga abin ya haɗu, dariya da hawaye. Ta juyo gare ni.

"Baba Shokin, testarka na nan?"

Ba na fita ba ita. Na zaro ta daga aljihu, ɗan sukudireban nan mai ƙwai a gindi, wanda ke kamawa in ya taɓa waya mai wuta.

Ta ce, "In ka ɗora ta a kan waya mai wuta ta kama, ka ɗora a kan wadda ka tabbata matacciya ce ita ma ta kama, me za ka ce?"

"Testar ta lalace. Sai shara."

"Za ka iya rantsewa wayar farko na da wuta?"

"Da wace shaida?"

Ta juya ga sauran. "To ku ne testata. Na faɗa muku rabinku ƙwayar banza suke sha. Abin da shugabanni za su duba ba yawan waɗanda suka warke ba ne. Bambanci za su duba, tsakanin masu shan na gaske da masu shan na banza. In kowa ya ce sifiri, ƙwayar banza ta yi aiki daidai da magani ke nan. Sai a ce maganin ba shi da amfani, a rufe ɗakin, a rufe maganar gaba ɗaya. Ko da yana yi wa wasunku aiki da gaske, kun binne shaidar."

Direba ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Wato mota na gangara, ni kuma na taka totur ina zaton birki ne."

Inna Tela ta ce, "To ki goge mana. Kowa ya faɗi na gaskiya yanzu, ki rubuta a wurin. Ɗinki in ya karkace ai farke shi ake yi."

"Inna, wa zai tuna ciwon makon da ya wuce daidai? Kuma in na goge a ɓoye, na zama irinku, sai dai ni ba ni da uzurin ƙauna. Dole in je in faɗa musu abin da ya faru."

"Su kore ki fa?"

"Wataƙila."

Ta je ta faɗa. Abin da ba ta sani ba, Direba ya riga ta. Da sassafe ya sa rigarsa mafi kyau, ya zauna a ƙofar ofishin shugaban har aka gaji aka shigar da shi. Sista ce ta ba mu labari daga baya. Ta ce ya tsaya hula a hannu ya ce shi ne ya kitsa komai, Likita ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, in akwai wanda za a kora daga asibitin to shi ne, ga shi kuma dama ba ma'aikaci ba ne. Ta ce shugaban ya daɗe yana tari a hankici don ɓoye dariya.

Hukuncin da aka yanke shi ne a zubar da duk makonnin da aka ɓata, a rubuta dalili a fili, a ƙara mata wasu watanni ta sake tattarawa. Daga nan babu ƙari. Masu tef suka sake dawowa suka shafa alamar jan fenti a bango, don mu san ba a manta ba.

Alhamis ɗin da ta biyo baya na zo da gorata na zauna a ƙarshen benci. Direba ya buɗe filas, ya zuba wa na damansa. Ya tsaya. Ya laluba aljihu ya fito da kofin nan, ya busa ƙurar da ke ciki, ya cika shi ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Ya ce, "Nawa yau, maci amana?"

Na ce, "Bakwai. Kai fa, maƙaryaci?"

"Takwas da rabi."

"Ba rabi a katakon."

"A cikina akwai."

Daga ranar gaisuwar bencin ta zama ke nan. Ba a cewa ina kwana sai an ce nawa yau. Kuma aka koma gasar gaskiya kamar yadda aka yi gasar ƙarya. In mutum ya fito daga ɗakin, Inna Tela ta tare shi: "Me ka ce mata? Na ga yadda ka shigo, kada ka cuci yarinya." Ita kanta lambarta ta riƙa sauka a hankali, har ta fara jin kunyar faɗa, tana rantsuwa tun ba a tambaye ta ba. Tawa ba ta motsa ba. Ta Direba ma haka.

Ranar da aka buɗe asirin wa ya sha me, Likita ta fito da kanta, biro a ɗankwali. Ta ce akwai bambanci. Ba babba ba ne kamar yadda ta yi fata, amma yana nan, ba mai iya musunsa. Kuma ta ga wani abu da ya fi shi: waɗanda maganin ya yi wa aiki su ne masu jajayen ɗigo da yawa manne da waya. Waɗanda nasu kaɗan ne, bai taɓa su ba. Inna Tela na gaske ta sha. Direba, mai cewa nasa har ɗaci yake, ƙwayar banza ya yi ta haɗiya wata da watanni. Bencin ya kusa karyewa don dariya.

Ni kuwa na gaske na sha, bai yi mini komai ba. Ta kira ni gefe ta ce, "Baba, naka masu gadin ba su da yawa. Ina jin wayar ce kanta ta koyi ƙara, ko kuma can sama inda ake karɓar saƙon. Ban sani ba tukuna. Amma da ka ce ka warke, da ban san akwai iri biyu ba." Na ce mata ba sai ta lallashe ni ba, na saba gyara wutar gidan wasu in koma nawa in kunna fitilar hannu.

Ba a rufe binciken ba. Aka ba ta izinin ci gaba, har aka ƙaro mata ma'aikata. Direba, da aka duba tsokarsa, jajayen sun yi cincirindo kamar fasinja a tasha. Aka sa shi a zagaye na gaba, ya sami na gaske, ya sami sauƙin da bai taɓa sani ba tun yana saurayi. Sauran shekarunsa ya ci abin da yake so, ya yi ƙiba, ya riƙa zuwa bencin ko ba a kira shi ba, don kawai ya zuba shayi ya tsokane ni. Yakan ce, "Ka ga ikon Allah, Shokin. Kai ka tona mini asiri, ni na warke, kai kana nan da bakwai ɗinka." In ce masa ai gara bakwai ta gaskiya da sifirin da ya kai shi ƙasa.

Ɗakin dai daga baya an ɗauke shi, amma ba kora ba ce. Sabon gini aka mai da Likita, hawa na sama, mai sanyi da gilashi ko'ina. Yanzu ta yi furfura a gefen kunne, tana da ɗalibai da ke bin ta da sauri kamar yadda take tafiya. Har yau tana neman kan irin nawa ciwon, har yau ina zuwa in an kira ni. Sai dai yanzu saƙo ake turowa a waya, kowa da lokacinsa, ba ka haɗuwa da kowa. Kujerun roba ne a jere, an ɗaure su da ƙarfe, duk suna kallon bango ɗaya. Wanda ke gefenka na latsa wayarsa, ba ka san ko cikinsa ne ke ciwo ko haƙori ba. Katakon mai fuska biyu ma an daina, allo ake miƙo maka ka taɓa da yatsa. Fitilunsu ba sa ƙyaftawa, na duba.

Inna Tela ta koma wurin ɗanta a wani gari. Direba ya riga mu gidan gaskiya, ba ciki ne ya ɗauke shi ba, zuciya ce, yana zaune a ƙofar gida yana ba maƙwabta labarin hanya. Bayan an share makoki matarsa ta aiko mini da filas ɗin da kofunan biyu. Ta ce ya sha faɗa mata in ya tafi a ba Shokin, don ya koyi zuba wa mutane.

Zuwana na ƙarshe na bi ta tsohon lungun. An rushe bangon, an sa ƙofar ƙarfe mai alamar gargaɗi, na'urar na gurnani a ciki. Na tambayi mai shara inda aka kai bencin, ya ce bai taɓa ganin benci a nan ba. Na hau sama na zauna a kujerar roba. Kusa da ni wani dattijo ne, baƙo, ya dafe cibiya da hannu ɗaya yana kallon ƙasa, yana ƙoƙarin kada a gane. Na san zaman. Na buɗe filas, na busa kofi, na cika na miƙa masa. Ya dube ni da mamaki.

Na ce, "Karɓi. Nawa yau?"

Ya ce, "Lafiya lau, ba komai."

Na ce, "Wannan ka kai wa jikokinka. Sha tukuna, sannan ka faɗa mini na gaskiya kafin a kira ka."